Tunau Ba Shi da Takwara

A bayan ɗakin haihuwa na asibitin akwai wani ɗan ofis mai taga ɗaya, da benci a gabanta wanda aka tokare ƙafarsa guda da guntun bulo. A nan Akawu ya yi shekara talatin da ɗaya yana rubuta takardar haihuwa. Uba zai zo da katin asibiti a aljihu, ya sunkuyo ta tagar ya faɗi sunan jariri, shi kuma ya maimaita, ya tambayi yadda ake so a rubuta, sannan ya ɗora biro. Da farko a manyan littattafai masu baƙin bango yake yi. Daga baya aka kawo kwamfuta, ya koya da yatsa biyu, bai kuwa ƙara na uku ba har ya bar aiki.

Ya ga sunaye suna zuwa suna wucewa kamar yayin ɗinki. Wata shekarar suna ɗaya ne zai cika shafi, har in an kira shi a layin rigakafi mata biyar su miƙe tare. Bayan ɗan lokaci ya kwanta, wani ya taso. Can kuma iyaye suka fara zuwa da suna a waya, su juyo masa ita ya karanta da kansa, don su ma bakinsu bai gama sabawa da shi ba. Duk ya rubuta. Wanda bai taɓa rubutawa ba shi ne nasa. Sunansa Tunau, kuma tsawon shekarun nan ko sau ɗaya ba a kawo masa jariri mai wannan suna ba.

Abin da ya tashi ya ji a gida shi ne, Innarsa ta haifi 'ya mace, sai haihuwa ta tsaya mata shekara goma sha ɗaya. Ranar da ya zo duniya kakarsa ta ɗauke shi ta ce Allah ya tuna da 'yarta, shi ke nan ya zama Tunau. Yana da wani sunan da mahaifinsa ya sa masa, irin wanda a kowane layi za ka samu mutum uku suna amsawa. Amma ranar shiga makaranta Yayarsa ce ta kai shi, malami ya tambayi suna, ta faɗi na gida. Haka ya shiga rajista, daga rajista ya bi shi har takardar ɗaukar aiki.

A makaranta ya sha tsiya. In ya bar littafi a gida malami ya ce yau Tunau ya koma Mantau, aji ya kwashe da dariya. Ya taɓa dawowa yana kuka ya ce a canza masa. Inna ta ajiye ɗinkin da take yi, ta share masa fuska da bakin zaninta, ta tambaye shi ko a duk ajin akwai wanda aka yi shekara goma sha ɗaya ana jiransa. Tana da yadda take kiransa, ta ja ƙarshen sunan kamar ba ta so ya ƙare. Yana ɗan shekara tara ta rasu, Yaya ta ɗauke shi zuwa gidan aurenta, a hannunta ya girma.

Da girma ya zo, sai sunan ya riƙa yi masa nisa. A wurin aiki shi ne Akawu. Matarsa ta fara da Malam, ta koma Baban yara. 'Ya'yansa mata huɗu suna ce masa Baba, 'ya'yan Yaya kuma Kawu. Abokan ƙuruciya wasu sun rasu, wasu neman abinci ya watsa su. Ya rage Yaya kaɗai. Duk Asabar yakan hau babur ya je gidanta, tana jin ya kashe inji za ta ɗaga murya daga ɗaki: "Tunau, ka cire takalmi a ƙofa, yanzu aka goge wurin." Ga furfura har a gira, amma haka zai sunkuya ya cire yana murmushi, yana jin kamar an sauke masa kaya daga ka.

Babbar ungozomar asibitin, wadda suka fara aiki shekara ɗaya, takan tsokane shi ta ce ya manna sanarwa a taga, duk wanda ya sa sunan ba zai bi layi ba. Ta taɓa dubawa a wayarta cikin jerin sunayen yara maza da ake yawo da shi, ta bi har ƙasa ba ta gani ba, ta ce masa to shi kaɗai ne ke nan, sai ya riƙe kansa da kyau. Ya yi dariya. Amma duk sanda wani uba ya sunkuyo ta tagar ya buɗe baki, sai ya kasa kunne ko nasa sunan ne zai fito.

Babbar 'yarsa ta haifi namiji a asibitin nan. Kwana shida Akawu yana kai yana kawowa, yana tambayar lafiyar mai jego fiye da kima, bai dai roƙi kowa komai ba. Surukin nasa, wani mai gyaran wutar lantarki, mutumin kirki, ya zo tagar da kansa, ya gaishe shi cikin ladabi, ya faɗi sunan mahaifinsa da ya rasu bara. Akawu ya ce madalla, haka ya dace, ya buga takarda ya danna hatimi. Da ta biyun ta samu nata namijin, ita ce ma ta taɓo maganar tana dariya, ta ce sunan Baba ai na mutanen da ne, yara za su hana shi sakat a makaranta. Ya ce gaskiyarta, shi ma shaida ne. Ranar ya daɗe yana goge teburin da ba ƙura a kansa.

Shekararsa ta ƙarshe a aiki, ciwon zuciya ya kwantar da Yaya a ɗakin mata na asibitin, gado na uku daga ƙofa. In lokacin hutun rana ya yi sai ya rufe taga, ya ɗauki flas ɗin shayi ya tafi. Wata rana yana fifita mata shayin a murfin flas, ya ce shi fa kullum yana mamakin kaka, yadda suna ya zo mata a baki nan take. Yaya ta dube shi ta ce ai ba kaka ba ce.

Ta ba shi labari a hankali, tana hutawa tsakanin magana. Inna tana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Kowace shekara sai ta ɗinka 'yar rigar jariri ta ajiye ciki. Takan fito da su ta wanke, ta shanya a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. A shekara ta tara ta kwashe su duka ta ba wata maƙwabciya da ta haihu, ta dawo ta zauna bakin gado ta ce ita kam an manta da ita. Yaya tana nan, da kunnenta ta ji. Bayan shekara biyu ya zo, ba ko riga ɗaya a gidan, ɗankwalin Yaya aka yanka aka ɗinka masa ta farko.

"Maganar nan da ta yi ce ta tsaya mata a rai," in ji Yaya. "Ita ta roƙi kaka ta kira ka haka. Ta ce duk kiran da za ta yi maka, tana janye abin da ta faɗa ne."

Shayin ya huce a hannun Akawu. Can ya ce, to da ita Yaya ba ta yi kuskure a gaban malamin makaranta ba, da tuni sunan ya bi Inna.

"Wane kuskure? Na san ɗayan sunan sarai. Da gangan na faɗa."

Bayan kwana tara ta rasu, da hantsi, yana ofis yana buga takardar wasu tagwaye.

Saura sati biyu ya ajiye aiki wani direban motar haya ya zo tagar, mutum mai furfura a gemu, da kati a hannu. Ya ce tambaya ya zo yi, me da me ake kawowa, don bai taɓa yi ba. Shekararsu goma sha huɗu da aure, jiya aka samu namiji, ko suna bai tsayar ba. Akawu ya lissafa masa takardun. Mutumin har ya juya, sai Akawu ya kira shi, ya yi abin da bai taɓa yi da kowa ba a tagar nan: ya faɗa masa sunansa, da ma'anarsa, da labarin akwatin ƙarfe. Direban ya saurara har ƙarshe, ya maimaita sunan sau biyu kamar mai ɗanɗana abu, ya ce zai yi shawara da mai ɗakinsa da yayansa.

Bai dawo ba har Akawu ya miƙa makulli. Daga baya ungozoma ta gaya masa direban ya zo, wani sunan daban ya bayar, ta ma manta wanne. Akawu ya ce Allah ya raya shi.

Bai daina zuwa gidan Yaya ran Asabar ba, inda 'yarta ta fari take zaune yanzu da iyalinta. Wata rana tana share tsofaffin saƙonni a waya ta tsaya cak, ta ce Kawu, ji wannan. Muryar uwarta ce, ta sa ta ɗauka don a tura masa, sai ga shi ya iso kafin a tura, aka manta.

"Tunau, in za ka taho ka biya wurin mai gyara ka karɓo mini gilashina. Kuma ka bi a hankali da babur ɗin nan."

Ya ce ta sake sawa. Ta sake. Ta ce bari ta tura masa a tasa wayar, ya ce a'a, ta bar shi a wurinta, in ya zo ya riƙa ji. Da zai tafi ya tambaye ta wane mai gyara ne, ta ce wanda ke gefen kantin magani. Ya biya ta can. Mutumin ya daɗe yana lalube a cikin wata tsohuwar kwalla cike da gilasai, ya zaro ɗaya mai ƙafa sabuwa, ya ce tun bara yake jiran mai shi.