Wainar da Tsoho Ya Ci a Kasuwa

Bari in fara da tona wa kaina asiri, tun kafin 'ya'yana su riga ni. Da ƙaramar Sallar nan da ta wuce suka kwashe mu a mota, ni da ƙanwata da tarin jikoki, suka kai mu wurin wasan yaran nan na birni, inda lilo ke aiki da lantarki, ya ɗaga mutum sama ya wulwula shi. Ni dai ban hau komai ba, kaina da ma a juye yake. Da rana ta take muka shiga inda ake sayar da abinci, ɗaki fal mutane, kowa na tauna a gaban kowa. Aka dire mana kaza da soyayyen dankali. 'Yar autar jikokina, wadda ba ta daɗe da barin nono ba, ta ƙi buɗe baki. Uwar ta lallaɓa, uban ya yi ta shawagi da cokali yana kukan jirgin sama, ta kawar da kai. Can sai ta ɗauki dankali guda ta miƙo mini har bakina. Ka san abin da na yi? Na karɓa, na ja kujerata ƙiii, na fuskanci bango, na kare fuska da hannun riga, sannan na jefa a baki. Gemu fari fat, haƙora ba su cika hannu ɗaya ba, wai ni mai kunya. Yarinya ta ɓare baki da kuka, 'ya'yana suka ɓare da dariya.

Ina fuskantar bangon nan, ƙamshin mai mai zafi ya bugi hancina, sai na ji ni a kasuwar Tudun Wada, tun Bature bai tattara nasa ya nasa ba.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a gefen Burumburum. Mai gidan shi ne kakana, wanda muke kira Tsoho. Manomi ne, ya taɓa karatu daidai gwargwado, ba irina ba da na fi sanin hanyar gudu daga makaranta a kan hanyar zuwa. Abin da Tsoho ke da shi ba dukiya ba ce, magana ce. In an yi rigimar iyakar gona, shi ake kira. Ya tsaya ya ce daga kukar nan zuwa gindin gamba, shi ke nan, dagaci ya yanke. Kuma yana da ka'ida guda da yake yawan faɗa mana: mutumin da ke cin abinci a kasuwa ya zubar da mutuncinsa, alƙali ba ya karɓar shaidarsa. Kada ka ɗauka wasa ne, a zamanin haka malamai suke cewa, haka mutane suka riƙe. Shi kuwa Tsoho ya kai abin ƙarshe. Ko a gida ba wanda ya taɓa ganin muƙamuƙinsa na motsi. A kai masa akushi zaure, ya saki asabari, a dawo da akushi wayam. Ni har na taɓa zaton aljanu yake ciyarwa.

Da kakar wata shekara aka yaye ƙanwata. Yadda ake yi, aka shafa wa innarmu garin maɗaci a nono, yarinya ta kama ta ji ɗaci, aka ɗauke ta aka kai ta ɗakin kakarmu, Iya. Sauran yara kan yi kukansu su haƙura. Wannan kuwa sai ta ɗaure wa duniya fuska. Kalma ɗaya ta riƙe, ita ce ɗaci. A kawo kunu, ta ce ɗaci. A dama fura da nono mai kyau daga ruga, ɗaci. Rubutun yaye ma da aka wanko mata, ta watsar. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Wuyanta ya fara tsawo, warwaron hannunta ya soma zamewa da kansa.

Ba mai faɗa da baki, amma kowa a gidan ya san abin da yake tsoro. Akwai wani tsakanina da ita, namiji, shi ma daga yaye ya fara ramewa, bai ga damina ba. Innarmu ba ta da damar zuwa ta ɗauke ta, sai dai ta tsaya bayan danga tana leƙe, ta koma ta hau daka abin da ta riga ta daka. Iya ba ta zama wuri ɗaya. Tsoho ya fita gona ya dawo, ya sake fita, alhali an gama girbi, ba abin da ke gonar sai kara.

Iya kan ɗanɗana abinci a gabanta don ta ga ba ɗaci, amma yarinya ta san hannun da ya raba ta da uwarta. Ni ma aka sa ni. To, ni kuwa wa zai yarda da bakina? Yarinyar nan ta sha ganina ina cin fara da ɗanyar tsamiya da ƙanzon da kaji suka bari. In na ce daɗi, sai ta dube ni kamar ta ce, kai da me ba daɗi a wurinka?

Ana haka aka ce za a yi kalankuwa a Tudun Wada, ta haɗu da ranar kasuwa. Kalankuwa bikin gama girbi ne, samari da 'yan mata da makaɗa daga ko'ina. Aka ce akwai dambe, akwai masu biri, akwai lilon itace da ƙarti ke turawa, har da gardawa masu wasa da kura. Tun da na ji kalmar kura ƙafata ta daina taɓa ƙasa. Tsoho ba mai zuwa irin wannan wuri ba ne. Amma Iya ta ce a fita da yarinya ta ga mutane, ko zuciyarta ta saki, shi kuma ya ce ai da ma yana son ya duba farashin gyaɗa. Ƙarya yake yi, Allah ya jiƙansa, gyaɗarsa tuni ya sayar.

Bayan asuba muka kama hanya. Iya a kan jaki da yarinya a gabanta, Tsoho a gaba da sandarsa, ni ina gaba ina baya kamar karen farauta. Tsoho yakan waiwayo ya ce da yarinya, “Amarya, yau kasuwa zan kai ki, ki zaɓi abin da kike so.” Haka yake kiranta, irin wasan kaka da jika. Amarya ko kallo bai ishe ta ba.

Tun daga nesa muka fara jin kalangu. Da muka shiga, sai aka ɗora mini ita a wuya, don ta hango abin da ake yi. Nan fa wahalata ta fara. Na kai ta wajen biri mai jan wando, ta kama kunnuwana ta murɗa. Na kai ta gindin lilo, yana ƙara yana juyi da yara suna ihu, ta tsandara kuka. In na tsaya ta yi kuka, in na yi tafiya ta yi kuka. Ga gangar gardawa can ƙarshen fili tana kirana, mutane na ta kwarara can, ni kuwa duk inda na nufa sai Iya ta ce da ni, “Maigida, ba nan ba, kada ta firgita.” Rana ta yi zafi, gumi na bin bayana, yarinya ta yi laƙwas a kaina kamar tsumma. Wannan laƙwas ɗin shi ya fi kukan ba ni tsoro, duk da wautata.

Iya ta ce a nemi inuwa. Inuwar da muka samu ita ce rumfar wata mai waina, a tsakiyar kasuwa, mace mai jiki da fara'a, tana zaune gaban tanda tana zuba ƙullu tana juyawa da tsinke. Man gyaɗa na ƙara, ƙamshi ya cika wurin. Iya ta zauna a tabarma ta karɓi yarinya. Tsoho ya tsaya daga waje, ya ba rumfar baya, kamar bai san mu ba.

Sai yarinya ta ɗaga kai. Ta bi hannun mai waina da ido, daga ƙwarya zuwa tanda, daga tanda zuwa faifai. Mai waina ta lura, ta ɗauki guda, ta hura, ta ɗiga mata zuma, ta ce, “Ungo, 'yar gidana.” Yarinya ta karɓa. Iya ta daina numfashi. Ni ma na manta da kura na ɗan lokaci.

Ta juya wainar a hannu, ta shinshina, ta ce, “Ɗaci?” Amma yau tambaya ce, ba hukunci ba. Iya ta matso da baki, ta janye hannu. Na matso da nawa, ta ɓoye a bayanta. Sai ta zame daga cinyar Iya, ta taka da ƙafafun nan nata kamar sillen kara, ta je ta ja rigar Tsoho. Ya sunkuyo ya ce, “Amarya, me aka samu?” Ta miƙa masa wainar har kan gemu.

Iya ta yi ƙasa da murya ta ce, “Malam, bari a ƙunshe mu nemi wani zaure.”

Tsoho ya ɗago. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Kasuwa ta cika ta batse, kuma rabin mutanen ƙauyenmu suna cikinta. Ga wani maƙwabcinmu can wajen masu goro, wanda Tsoho ya taɓa ba da shaida a kansa ya rasa wani yanki na fadama, ya zuba mana ido. Sannan Tsoho ya dubi hannun da ke riƙe da wainar.

Ya ce, “Kafin a sami zaure ta sauya shawara.”

Ya tattara riga, ya tsuguna a bakin rumfa, ya yi bisimilla, ya gatsa. Ranar na fara ganin kakana yana tauna. Ashe shi ma da baki yake ci kamar kowa. Ya lumshe ido ya ce, “Kai! Daɗi, Amarya. Wallahi daɗi.”

Yarinya ta dube shi tsaf, kamar alƙali na duban mai shaida. Sannan ta kai sauran bakinta.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da wataƙila ba wanda ya gani sai mutum biyu. Amma Amarya ta kafa doka: shi loma, ita loma. In bai gatsa ba, ba ta gatsawa. In ya kare baki da hannu, ta janye hannun, sai ta ga taunar da idonta. Mai waina na ta juyawa tana cewa, “Allah gafarta Malam, ga mai zafi.” Iya na kuka tana dariya, tana goge zuma daga gemunsa da bakin mayafi.

Sai ga ɗan kama. Su ne masu barkwancin nan da ke naɗa rawanin tsumma su kwaikwayi malamai, wa'azinsu duk a kan tuwo da miya. Ya hango tsoho mai rawanin gaske a tsugune gaban tanda, ai sai ya ga abinci ya faɗo masa. Ya daki 'yar gangarsa ya ce, “Jama'a ku matso, yau na ga babban malaminmu! Ni a baki nake karantarwa, shi ga shi yana aikatawa!” Mutane suka kewaye mu, dariya ta tashi. Maƙwabcin nan ya matso gaba-gaba don kada wani abu ya wuce shi.

Tsoho bai ɗaga kai ba. Ya gatsa, ya miƙa mata, ta gatsa. Ni kuwa, jarumin da ya zo kallon kura, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na shige ƙuryar rumfa na manna fuskata a jikin zana, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ban juyo ba sai da na ji shiru. Ko da na juyo, taro ya watse, yarinya ta yi barci a kafaɗar Tsoho, cikinta ya yi tulu, hannunta na riƙe da guntun waina. Gardawa kuma sun tashi. Har yau ban taɓa ganin kura ido da ido ba.

Daga ranar ta ci gaba da cin abinci. Da fari sai an kai ta zaure an ɗaga asabari, daga baya ta manta da ɗaci, ta koma ƙwace nawa.

Da bazara rigimar iyaka ta tashi, aka kira Tsoho gaban dagaci. Bai gama nuna kukar ba maƙwabcin nan ya ce, “Ranka ya daɗe, a tambaye shi ko wainar Tudun Wada ta narke.” Aka yi dariya. Dagaci ya tsawatar, amma ya nemi a ƙaro wani mai shaida, abin da ba a taɓa yi wa Tsoho ba. Daga nan kiran ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Iya ta fi shi jin zafin abin. Shi in ta tayar da maganar sai ya ce, “Amarya ta karɓi shaidata, ya ishe ni.”

Yanzu duniya ta sauya. Alhazai da malamai na cin nama a bakin titi, ba wanda ya ce musu kanzil, ɗaki guda ake ginawa don mutane su taru su yi tauna a gaban juna. Ni ne dai na tsufa da kunyar da ba ta da sauran mai saye. A wurin wasan nan, ina can ina kallon bango, ƙanwata ce ta ja jikar tawa jikinta. Ta ɗauki dankali ta cusa a bakin nan nata da ba haƙori, a tsakiyar jama'a, tana tauna da dasashi tana cewa daɗi, wallahi daɗi, har mutanen teburin kusa suna leƙowa. Yarinya ta share hawaye ta ci.

A mota muna komawa, yara duk sun yi barci, ni ina ta mutsu-mutsu na rasa yadda zan zauna. Ƙanwata ba ta tuna ranar kalankuwa, a bakin Iya ta ji labarin, amma ta riƙe shi fiye da ni da na gani. Ta juyo ta ce, “Yaya, da shi ma Tsoho bango ya kalla ranar nan, da yau da wa za ka zo?”