Kwalbar Kawu Dakta

Duk wanda ya san Kawu Dakta ya san kwalbarsa. Ƙanin mahaifiyata ne, malamin kimiyyar sinadaran jikin halitta a jami'a, amma kullum aljihunsa a kumbure da 'yar kwalbar kindirmo. Irin nonon kakarmu Inna ne na Danchadi. Tun da ta rasu yake ɗibar cokali guda a na jiya ya zuba a sabuwar madara, don kada irin ya mutu.

Na taɓa ce masa, “Kawu, nono ai nono ne.”

Ya harare ni. “Ke ɗiyag ga! Ƙwayoyin da ac ciki, hannun Inna sunka sani. In sun mutu, wace kasuwa za ki sawo su?”

Da farar hula suka karɓi mulki, wani kamfanin yis da magungunan dabbobi ya ɗauke shi manaja. Muka ce to, kwalba ta huta. Ina! Rannan ana tsakiyar taro da Turawa ya duba agogo ya miƙe. Suka ce lafiya? Ya ce, “Kuɗinku na iya jira, madara ba ta jira.”

Wani cikinsu ya ɗanɗana, ya nemi a sayar wa kamfani irin. Kawu ya ce, “Kawo ƙwarya in ɗiba maka kyauta. Inna ba ta taɓa sai da iri ba.”

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, kayan aiki suka daina shigowa, kamfani ya rufe. Ya dawo gida Boɗinga a motar haya, ba firji, ba direba. Ya sa kwalba a gindin randa. A shekarar da aka yi fari, da madara ta yi wuya, da ƙafa yake bin rugage. Muna ta yi masa dariya. Yanzu nake ganin abu ɗaya da ya rage a hannunsa ke nan wanda duniya ba ta ƙwace ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya miƙo mini kwalbar. “Ke da kinka ce nono nono ne, riƙe. Cokali guda, kullum.”

Yau da safe ma na zuba, jikata tana riƙe mini cokali. Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da Innarsa a Aljanna.