Kakana Yana Cikin Jakar Nan

Gara in faɗa da bakina: ni ne nake marin kwamfutar gidanmu. Tsohuwa ce, Baba ya sayo ta a wani shago a unguwar Guéma, nan Parakou, kuma ba ta da hali ɗaya. Wata rana kana danna ta za ta buɗe ido. Wata rana kuwa ka je masallaci ka dawo, ka ci tuwo, gemu ya tsiro maka, tana nan tana juya ɗan zoben nan nata. Ran nan haushi ya kama ni na kai mata mari a gefe, sai ta tashi. Shi ke nan na zama likita. In ta tashi, marina ne. In ta ƙi, marin ne bai shiga ba, sai in ƙara.

Da wasannina ne kawai a ciki, da sauƙi. Amma muryar kakanmu tana ciki. Kafin rasuwarsa Baba ya ɗauki muryarsa yana ba da labarin kakanninsa fataken goro, yadda suka sauke kaya a Djougou har suka zauna. Babu ita ko'ina sai nan. Duk Juma'a bayan la'asar kakata Hajiya takan zauna a tsakar gidanmu na Zongo ta ce, "Kai mijin banza, kunna mini mijina na gaskiya."

Wata Juma'a kwamfutar ta ƙi tashi har aka kira magariba. Hajiya ba ta tsokane ni ba, ta tashi ta shige ɗaki.

Baba ya kira Yaya, ɗiyar wansa, mai gyaran kwamfuta a Djougou. Ta waya ta sa na cire duk abin da ke jone, kle, wato ɗan filashin ajiya, da lasifika da komai, ina kunnawa bayan kowanne. Sau ɗaya ta tashi da wuri, na fara rawa, na gaba ta koma barcinta.

"To ba su ba ne," in ji Yaya. "Kashe ta, kada ka sake kunnawa. Kawo mini ita."

Na shiga taksi daga Parakou, an matse ni tsakanin buhun doya da wata mata, na rungume jaka kamar jariri. Wajen Onklou muka faɗa rami, na kwarma ihu, "Direba a hankali, kakana yana cikin jakar nan!" Matar ta yi salati ta ja jikinta, na samu wurin zama har Djougou.

Yaya ta fara duba pilot, wato 'yan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane kayan jikinta. Lafiyarsu ƙalau. Sai ta kara kunne a jikinta, ta ce in kara nawa. Ƙas, ƙas, ƙas.

"Disk ɗin da ke ajiye komai ne ke mutuwa. Wata rana ya karanta ya wuce, wata rana ya yi ta tuntuɓe wuri ɗaya. Ta taɓa faɗuwa?"

"Ba ta faɗi ba. Ina dai ɗan ƙarfafa mata gwiwa."

"Da me?"

Na nuna mata tafin hannuna.

"Kai ɗan nan! Faranti ne ke juyawa a ciki da allura a kansa, kana dukan sa? Miƙo kunnenka in ƙarfafa maka gwiwa."

Kunnen ya sha murɗa, amma ba ta gaya wa Baba ba. Ta zare disk ɗin ta jona a tata kwamfutar, ta rufe shago da rana tsaka, ta sallami masu jira. Ta fara kwaso muryar kafin komai, labari ɗaya bayan ɗaya, in ta maƙale ta sake. Abincinta ya huce, ni na taimaka na cinye. Can ta danna ɗaya, sai ga tarin kakanmu, irin wanda yake yi kafin ya fara magana. Yaya ta juya baya wai tana neman sukurdireba. Har yau in na tuna yinin nan sai in ce Allah ya saka mata.

An samu duka sai guda ɗaya, labarin jakin da ya ƙi tsallake kogi. Yaya ta sa sabon disk, ta zuba muryar a wayar Baba da kle biyu. Tsohon disk ɗin bai sake juyawa ba.