Wanda Ba Ya Mutuwa In An Maka Shi Da Bango

Da zarar an ɗaga hannu kusa da matar da ta zo sayayya sai ta kare fuskarta da gwiwar hannu. Inusa, mai teburin kayan kwamfuta a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé, ya lura da haka lokacin da ya miƙe zai sauko mata da diski dur, abin ajiyar hotuna da bidiyo.

Doguwa ce. Gyalenta ya rufe kuncin hagu, amma bai rufe leɓen da ya tsage ba. Yatsunta biyu a ɗaure suke da tsumma. Ba ta tambayar girma, ba ta tambayar launi.

"Baba, wanne ne ba ya mutuwa in an maka shi da bango?"

"Babban akwai faifai mai juyawa a ciki, faɗuwa ɗaya ya tafi. Ɗauki ƙaramin, 'yata. Shi ko an taka shi ba ya mantuwa."

Ta miƙo waya mai fasasshen gilashi, ta ce a kwashe komai a zuba a diskin. Hotuna suna wucewa a allon kwamfuta: bayanta da shatin bulala, jini a kan tayil, wani namiji riƙe da kujera sama. Inusa ya kawar da kai. Ko gidansu za ta kai hotunan, ko gaban alƙali, bai tambaya ba.

Ana kai rabi sai wayar ta yi ƙara. Ta ga sunan mai kiran, ta fizge ta daga igiyar kwamfuta, ta kutsa cikin masu rububin shiga gbaka, ƙaramar bas ta haya.

Diskin yana aljihun Inusa, da rabin hotunan a ciki. Har yanzu bai zare igiyar daga kwamfutar ba.