Ƙwaƙwalwar da Aka Raba a Gidan Malam Maccido

Duk wanda ya san kasuwar Gummi ya san shagon Nuraddeen Maccido, ko da bai taɓa shiga ba, domin tun daga bakin titi ake jiyo ƙugin fankar kwamfutarsa. Siriri ne, mai saurin magana, mai ɗan cika baki. Idan ya fara yi maka bayanin abin da ke damun wayarka, gara ka nemi wurin zama.

Gidansu gidan malamai ne. Kakansa, Malam Lauwali, ya bar akwati uku na littattafan da ya rubuta da hannunsa. Mahaifinsa, Malam Maccido, ya shekara arba'in yana karantar da su a zaure. Wansa Aminullahi ya bi sahu, yana koyarwa a Anka. Shi kuwa Nuraddeen Allah bai ba shi kan karatu ba, a yatsu ya zuba masa nasa rabon. Yana yaro ya kwance rediyon Malam, mahaifinsa, ya mayar, kusoshi biyu suka yi saura, rediyo kuma ya ci gaba da magana. Ya girma ana yi masa kallon wanda ya bar hanyar gida, abin yana ci masa rai ko da ba ya faɗa.

Kwamfutar tsohuwa ce, 'yar gwanjo, sai mutum biyu ke ɗaga ta. Malam ne ya saya masa bayan wani girbin shinkafa. Furosesa biyu gare ta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa injin tunani, kuma babu wanda Nuraddeen bai cika wa kunne da wannan ba. "Taku ƙwaƙwalwa guda, tawa biyu," haka yake ce wa masu shagon maƙwabta, har yaran kasuwa suka iya.

Da ita ya so ya wanke kansa a gida. Ya lallaɓa Malam har ya yarda aka kwaso akwatunan nan daga ɗakin da suka shekara sittin a kan maratayi, aka kawo shago. Shekara biyu yana ɗaukar hotonsu shafi-shafi, yana adanawa a faifai huɗu da ke cikin injin. Ya gama, amma ya yi ta jan ƙafa wajen mayar da akwatunan, yau ne gobe ne. Ana haka kogi ya yi ambaliya. Da hantsi ruwa ya shigo gari, kafin azahar ya kai gwiwa a shagon. Kwamfuta tana kan tebur, ta tsira. Littattafai suna ƙasa. Da aka buɗe akwatunan, tawada da takarda sun zama kunu.

Malam bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Alhamdu lillahi, ai suna cikin injin." Wata uku bayan haka ya rasu.

Ranar rabon gado, ƙanin Malam, Baffa Namadi, shi ya zauna a kai. Mutum ne da ba ya barin ko allura ba a san mai ita ba. An raba gona, an raba shanu, an raba riguna, sai aka zo kan kwamfuta, tunda Malam ne ya saye ta. Baffa ya shafa gemu ya dubi Nuraddeen.

"Ba kai kac ce ƙwaƙwalwa biyu gare ta ba?"

"Ni nac ce, Baffa."

"Tana aiki da guda?"

"Tana yi."

"To, magana ta ƙare. Guda taka, guda ta wanka."

A gidan malamai ba a jayayya a kan gado. Wanda ya buɗe baki a irin wannan zama, har ya mutu ana cewa shi ne ya yi kwaɗayin kayan uba. Amma gaskiya ba kunya kaɗai ta rufe bakin Nuraddeen ba, har da girman kai. Ya daɗe yana son ya sa wa injin sabbin furosesa masu sauri. A ransa ya ce, su ɗauki tsohuwar, me za ta yi musu? Da hannunsa ya kwance ta, ya goge, ya naɗe a takarda ya miƙa wa wansa.

Sabbin suka iso daga Kano bayan mako uku. Ya ɗaura su ya danna maɓalli. Fanka ta yi ƙugi, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna, ya sauya musu wuri, ya hura, ya goge, duk a banza. Ya bincika a wayarsa, ya gano bayos ɗin injin ne ya tsufa, wato 'yar manhajar da ke zaune a babban allon ciki, wadda ke fara farkawa ta gane kayan da aka ɗaura. Ba ta san baƙin ba, don haka ta ƙi su. Ya mayar da tsohuwar guda, ya cika janareta da mai, ya sabunta bayos yana karanta duk addu'ar da ya iya, domin wuta na ɗaukewa a tsakiya injin ya mutu ke nan. Aka gama lafiya. Ya sake ɗaura sabbin. Baƙi ƙirin.

Kwana huɗu ya ɗauka kafin ya ga wata 'yar lamba a gefen allon. Nasa ƙirar farko ce, wadda ko bayos nawa za a sa mata ba za ta taɓa karɓar waɗannan furosesa ba.

Ya haƙura, ya mayar da tsohuwar. Injin ya tashi, Nuraddeen ya yi hamdala. Ya je buɗe littattafan Kaka, babu faifai ko ɗaya. Sai a lokacin ya fahimci abin da ya kamata ya duba tun kafin ya taɓa sukundireba. Katin da ke haɗa faifan nan huɗu ya karanta su tare, raminsa da furosesa ta biyu yake haɗe, kuma ba ya shiga wani ramin. Babu ta biyu, babu kati. Babu kati, faifan ƙarfe ne kawai.

Daga nan Nuraddeen ya daina cika baki. Ya kira dillalai a Kano, ya kira na Legas. Wannan ya ce irinta tuni 'yan gwangwan suka kwashe, wancan ya aiko da wata mai suna iri ɗaya, amma ba zubi ɗaya ba ce da tasa, injin ya ƙi haɗa su. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Masu kawo gyara suka fara wucewa gaba. Inna, mahaifiyarsa, takan dube shi a kan kwanon tuwo ta ce, "Nura, mi ka damunka?" ya ce zazzaɓi ne. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba, kuma babu wanda zai gaya wa, tunda gidan kaf sun kwantar da hankali cewa Kaka yana cikin injin.

Saura kwana goma azumi Baffa Namadi ya leƙo shago. Ya ce bana shi zai zauna a zauren Malam, kuma da littafin Kaka na farko zai buɗe. "Ka hiddo muna shi ga takarda, ɗalibai na tahe har daga Bukkuyum."

Washegari Nuraddeen ya shiga motar Anka, hanyar da yanzu mutum ba ya bi sai dole saboda 'yan bindiga. Duk tafiyar yana tsara magana. Aro kawai zai roƙa, na yini ɗaya, ya kwashe littattafan ya mayar masa da abinsa.

Ya tarar da Aminullahi a ƙofar gida, ya sallami ɗalibai ke nan. Suka gaisa, aka kawo ruwa. Nuraddeen ya ajiye ruwan a gefe.

"Yaya, abin nan da anka ba ka ran rabo, yana nan?"

Aminullahi ya yi dariya. "Kai, bari! Ai kun cuce ni kai da Baffa." Ya shiga ciki ya fito da ƙullin takarda. Ya ce maƙwabcinsa mai wankin zinariya ne ya gani, ya ce ƙasan abin ruwan zinariya ne. Suka ƙona, suka daka a turmi, suka wanke da zaiba. Ya buɗe takardar a hankali, yana kare ta da hannu kada iska ta ɗauke. Abin da ke ciki bai kai ƙwayar riɗi ba.

"Ga gadona," in ji shi.

Nuraddeen ya dubi ɗan zinariyar. Sannan ya faɗi komai, tun daga jan ƙafar da ya yi da akwatuna har zuwa katin da ba ya tashi. Bai ɓoye laifinsa ba, kuka yake yi sosai, babba da shi, a bakin titi.

Aminullahi bai zage shi ba. Ya naɗe takardar ya ajiye a gefe. Ya shiga ya ɗauko littafin rubutu na makaranta da biro, ya ɗora wa ƙaninsa a cinya.

"Rubuta."

Ya rufe ido ya yi bisimilla, ya kama karatun littafin Kaka da ka daga farko, da irin jan muryar Malam. Nuraddeen yana bi yana rubutawa. Shafi ɗaya ya cika, na biyu ya cika. A tsakiyar na uku Aminullahi ya tsaya. Ya koma baya layi biyu, ya sake tahowa, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sake.

"Ci gaba, Yaya," in ji Nuraddeen.

Aminullahi ya buɗe ido. "Daga nan Malam yakan ce in tashi in ɗauko littahin."