Ɗalhatu da Matuƙin da Ya Faɗo a Rairayi

Ɗalhatu ɗan Gumel ne, kuma a gidansu wankan gawa gado ne. Tun yana saurayi yake riƙe wa mahaifinsa buta. Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a unguwar Al Muntazah a Doha, muna tsokanarsa da Malam Likkafani, shi ko sai murmushi. Mutum ne mai sanyin hali har ya ba ka haushi.

Aikinsa a Doha gadi ne. Kamfaninsu ya tura shi tsaron wani rumbun kaya can cikin hamada, ba kowa sai raƙuma. Da aikin nan yake riƙe iyalinsa da ƙannensa mata biyu, Haulatu da Nasira.

Wata rana da hantsi ya ji ƙara, ƙasa ta girgiza. Daga baya muka ji wai jirgin soja ne na gwaji, irin mai tashi sama can inda ido ba ya kaiwa. Ɗalhatu ya bi hayaƙi, ya tarar da matuƙin kwance a rairayi cikin wata riga mai kumburi, kansa cikin hular gilashi, rai ya riga ya yi halinsa. Ta cikin gilashin ya ga idanun a buɗe.

Ni da ni ne, wallahi waya zan buga in koma inuwa. Shi ko ya buga wayar, sannan ya yi ta fama da hular har ta buɗe. Ya shafe idanun, ya miƙe masa ƙafafu, ya juya shi gabas, ya lulluɓe shi da rawaninsa. Ya zauna a rana yana korar tsuntsaye har sojoji suka iso.

Ashe hular nan ita masu bincike suka fi bukata a rufe, don su gane ko iskar shaƙa ce ta yanke wa mutumin a sama. Shugabansa na wurin aiki, da ke son ya cece shi, ya ba shi shawara ya ce a haka ya same ta. Ni ma na matsa masa, har da faɗa, don na san in aikin ya tafi, iznin zama ya tafi.

A gaban masu binciken ya ce, "Ni na buɗe. A garinmu ba a barin mamaci yana kallon rana."

Ba su tsare shi ba, amma kamfanin ya sallame shi. Na raka shi filin jirgin Hamad raina a ɓace, na tambaye shi ko yanzu ya ga amfanin taurin kai. Ya ce hukuncin bai dame shi ba, suna da gaskiyarsu, ya ɓata musu aiki.

"Abu ɗaya ne ke cina," in ji shi. "Na roƙe su sunansa, suka ce sirri ne. Har yau bawan Allah nake ce masa in zan yi addu'a."