Fuskar Ɗan Fari

Ya'u mai gyaran rediyo ne a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma da a nan zai ƙare in ba don idon mahaifiyarsa ba.

Wansa Habibullah ya bar ƙasar tun zamanin soja. Da farar hula suka karɓi mulki, 'ya'yan mutane suka riƙa dawowa, shi bai dawo ba. Takardunsa na zama a Jamus ba su cika ba, in ya fito ba shi da hanyar komawa ga matarsa da 'ya'yansa. A nan gida kuwa, likita ya gaya wa Ya'u cewa hawan jinin ido ya cinye wa Inna Iyatu ido ɗaya, ɗayan ma yana kan hanya.

Lokacin ne Izuchukwu, wani ɗan kudu da aka haifa a Kano, ya buɗe shagon intanet kusa da titin gidan zu, da faifan tauraron ɗan adam a kan rufi. Ya'u ya ji an ce akwai kyamarar da ake ganin mutum yana magana daga wata ƙasa. Ya rufe rumfarsa ya tare a can.

"Malam Ya'u, wannan ba rediyo ba ce da za ka mare ta ta kama," in ji Izuchukwu.

"Oga, kai dai nuna min inda lambobin suke."

Ya'u ya koyi sa wa kwamfuta lambar adireshinta, da lambar ƙofar da saƙo ke fita ta cikinta. Murya takan zo, hoto ya ƙi, allo baƙi ƙirin. Ya buɗe hanyoyin da aka toshe ɗaya bayan ɗaya, ya rage kyan hoton don layin ya iya ɗauka. Damina ta kusa ƙarewa kafin wata rana fuskar Habibullah ta fito, tana tsayawa tana tafiya.

Ranar Asabar ya ɗauko Inna daga Darmanawa, ta ci ado kamar mai zuwa biki. Hadari na haɗuwa a gabas. Izuchukwu ya sallami abokan cinikinsa, ya goge mata kujera.

"Mama, ki matso sosai. Ruwa na sauka layin zai tafi."

Hoton ya zo tas, yadda bai taɓa zuwa ba.

"Inna," in ji Habibullah. "Inna, ni ne."

Abin da Ya'u bai lissafa ba ke nan. Habibullah ɗan fari ne. Tun da ta haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsura masa ido a gaban mutane ba. Ga ƙaninsa a tsaye, ga baƙo. Ta ja mayafi, ta juya fuskarta ga bango.

"Inna, ki duba mana," Ya'u ya ce a hankali.

"Ka tambaye shi ya iyalin."

"Yana jin ki. Ki duba shi, don Allah."

"Yau na fara ganinsa? Ka ce ya riƙe salla."

Sai a lokacin Ya'u ya gane. Ya kama hannun Izuchukwu suka fita, suka ja ƙofa. Ba su gama tsayawa a baranda ba ruwa ya kece. Da ya koma ciki ya same ta ta kafa idonta mai gani a jikin allo, hancinta na taɓa gilashin, tana kallon baƙi ƙirin, hoton ya tafi.

"Ya'u, ka dawo da shi."

Ya sake lambobin, ya kashe ya kunna. Ba lamba ce ta lalace ba. Iskar ta karkatar da faifan, kuma kafin mai saita shi ya iso daga Legas, idon Inna ya rufe.

Ya'u bai koma rediyo ba. Ya zama wanda ofisoshin Tarauni ke kira in taronsu na bidiyo ya ƙi haɗuwa. Duk inda ya gama saiti, yakan fice ya ja ƙofa tun ba a ce masa ba, har wasu na cewa girman kai ne.

Layi ya gyaru daga baya, hoto ya daina yankewa. Duk Asabar yakan zaunar da Inna gaban allon, ta fuskance shi sosai yanzu, ba mayafi.

"Ya yi furfura?" takan tambaya.

"Kaɗan, Inna. A gemu."

"Ya rame?"

Ya'u yakan dubi wansa, ya dubi uwarsa, ya rasa wadda zai faɗa mata, gaskiya ko ƙarya.